Na gama jami'a, dare ya zama rana, ayyuka 14 babu wanda na kammala

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 24, ilimin kwamfuta na karanta, wata tara ke nan da kammala digirina. Lokacin ina makaranta ni 'yan ajinmu ke kawo wa aiki idan ya cije musu. Yanzu na dawo gida, na kasa gane kaina. Ba na barci sai wajen ƙarfe huɗu na dare, ba na tashi sai rana ta take. Na kalli kwasa-kwasai a intanet har na tara satifiket 11. A kwamfutata akwai wata folda mai manhajoji 14 da na fara, babu ko ɗaya da na kai ƙarshenta. Na tura takardar neman aiki wurare sun fi 80, biyu ne kawai suka amsa, su ma haƙuri suka ba ni. In na buɗe LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, na ga abokan karatuna suna murnar samun aiki, sai in rufe. A gida ba a san ni da komai ba sai gyaran waya. Ranar nan Baba ya ce min, "Wai kai wannan latse-latsen yaushe zai zama aiki?" Ga kuma ƙirƙirarriyar basira, cikin minti ɗaya take rubuta abin da nake kwana ina yi. Shin ɓata shekara huɗu na yi? Ƙanwata tana aji biyu a fanni ɗaya da ni, tana tambayata me ya kamata ta fara tun yanzu, na rasa abin ce mata. Sannan laftof ɗina ta tsufa, ina tunanin ko ita ke ja min baya. Ƙaninka ne, a sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma a karo na biyu kan 14 ɗin nan na tsaya. Wurare 80 da suka yi maka shiru ba a hannunka suke ba, za mu zo kansu. Foldar nan kuwa a gabanka take, ita ce za ta tona mana asirin abin da ke damunka.

Tuna min yadda aiki yake ƙarewa lokacin kana makaranta. Lakcara ya ce ranar Alhamis ƙarfe 12 zai rufe karɓa, kowa ya san ba ya wasa. Abokinka ya zo ya zauna bakin katifarka da laftof a cinya, ya rantse ba zai tashi ba sai abin nan ya yi aiki. Mai duba aikinka na shekarar ƙarshe ya ce ka dawo masa da babi na uku bayan kwana goma. Bi su ɗaya bayan ɗaya, duk aikin da ka kai ƙarshensa a shekaru huɗun nan, akwai wani mutum tsaye a can yana jira. Ranar da kuka watse, masu jiran nan ne suka watse, iliminka yana nan inda ka bar shi. Manhajojinka 14 babu wanda ya san da zamansu, babu wanda zai kira ka ya ce ina labari. Aikin da ba a jiransa daɗin farawa gare shi, don farkon kowane aiki sabon abu ne. Tsakiyarsa kuwa, inda ake fama da ƙananan tangarɗa marasa armashi, ba a ƙetare ta sai da kunyar wani.

Ba daga nesa nake hango maka wannan ba. Ni ma na yi irin zamanka, wata bakwai cur, kuma foldata ta fi taka abin kunya. Har yau ina tuna sunayen da ke ciki: "sabon aiki", "sabon aiki 2", "na ƙarshe", "na ƙarshen gaske", sai wani da na sa wa "kar a taɓa", wanda ni kaina na manta abin da ke cikinsa. Wata baiwar Allah ce ta fitar da ni, mai kula da wani ƙaramin ɗakin karatu. A littafin rajista take rubuta duk wanda ya ari littafi, in wata ya ƙare sai ta bi shafi-shafi da yatsa tana neman waɗanda ba su mayar ba. Na cika baki na ce sati biyu zan yi mata manhajar da za ta hutar da ita. Ta ce, "To, Litinin ta sama zan jira ka." Maganar nan ta tashe ni da safe fiye da duk ƙararrawar da na taɓa saitawa a waya.

Na kai mata ina ji da kaina. Ta gyara tabarau, ta sa yatsa ɗaya tana laluben haruffa. Suna na farko ya shiga, na biyu ya shiga. Na uku irin sunayen nan ne masu waƙafin sama a tsakiya, kamar Sa'adatu ko Isma'il. Tana danna maɓallin ajiyewa, allon ya cika da jan rubutu. Ta janye hannu da sauri kamar ta taɓa garwashi, ta ce, "Na ɓata maka ko?" Ba ita ta ɓata ba. A harshen SQL, wanda ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, wannan 'yar alamar ce ke nuna inda rubutu ya fara da inda ya ƙare. Ni kuma na ɗauki abin da aka buga na liƙa shi kai tsaye cikin umarnin, sai rumbun ya ɗauka sunan ya tsaya a "Sa", sauran kuma wani umarni ne da bai gane ba. Ta wannan ƙofa masu kutse ke cusa nasu umarnin su kwashe bayanan jama'a. An koya mana wannan a aji, na ma amsa tambaya a kansa a jarrabawa na ci maki. Amma ban san shi ba sai ranar da na ga hannun matar nan ya ja baya. Kafin in tashi ta ƙara min biyu: rubutun ya yi mata ƙanana, sannan zanen ƙididdigar da na kwana huɗu ina ƙawatawa ko kallonsa ba ta yi ba, jerin waɗanda ba su mayar da littafi ba kawai take so, ta buga a takarda. Awa ɗaya a gefenta ta koya min abin da zango guda bai koya min ba, kuma labarin ranar nan na bayar a ganawar da aka fara ɗaukata aiki.

Kar ka ɗauka wannan hanyar ƙananan mutane ce kawai. Ranar 25 ga Agusta 1991, Linus Torvalds yana ɗan shekara 21, ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finland, ya sanar wa masu sha'awar kwamfuta cewa yana haɗa wani tsarin sarrafa kwamfuta don nishaɗi kawai, ba wani babban abu ba ne, ya kuma tambaye su me suke so ya ƙunsa. Tun abin bai kammalu ba ya faɗa, ya samo wa kansa masu jira. A watan Satumba ya saki sigar farko, 0.01. Ita ce Linux, wadda yau take ƙarƙashin wayoyin Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Da ya ɓoye ta sai ta yi kyau tukuna, da wataƙila tana can cikin wata folda mai suna "kar a taɓa".

Saboda haka ga abin da nake so ka yi, kuma a makon nan. Buɗe foldar, ka bi 14 ɗin. Kar ka zaɓi wadda ta fi burge ka. Ka zaɓi wadda za ka iya kiran sunan mutum ɗaya, mai rai, wanda kake iya zuwa wurinsa, da za ta rage wa wahala. In babu ko ɗaya a ciki da ta cika wannan sharaɗi, to ka sami amsar dalilin da ya sa suka tsaya, sai ka fita neman mutumin kafin manhajar. Ba wuya gare su ba. Duk wanda ka gani yana kwafe abu ɗaya daga takarda zuwa takarda, ko yana lissafi iri ɗaya kowane ƙarshen wata, ko yana neman wani saƙo cikin ɗaruruwan saƙonni, naka ne. Sauran 13 ka tattara su cikin folda guda ka kawar daga gaban idonka. Taura biyu ba ta taunuwa, balle sha huɗu.

Wadda ka zaɓa kuma ka yi mata aski. Rubuta duk abin da kake mafarkin ta yi, sannan ka soke komai sai abu ɗaya da mutumin zai yi amfani da shi ranar farko. Ka faɗa masa ranar da za ka kawo, da bakinka, sati biyu ko uku, kar ya wuce haka. Ka ajiye aikin da Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da ka yi, wadda ita ma Torvalds ɗin ne ya rubuta a 2005, ka ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye irin waɗannan ayyuka a intanet, kullum ka tura abin da ka yi ko da layi biyar ne. Ka rubuta ɗan bayani a gaba: me take yi, wa take yi wa, yaya ake kunna ta. Ranar kaiwa ka zauna gefensa, ka sa hannuwanka a aljihu, ka rufe bakinka. Zuciyarka za ta yi ta ingiza ka ka ƙwace linzamin ka nuna masa inda zai danna. Kar ka yi. Inda ya rikice, nan aikinka na gobe yake.

Maganar satifiket 11, ka tsaya haka nan. Ba na raina kwasa-kwasan intanet, wasunsu sun fi abin da ake koyarwa a azuzuwa da yawa, irin CS50 na Jami'ar Harvard da kowa ke iya bi kyauta. Amma kallon gwani yana aiki yana da wata yaudara. Shi ya riga ya faɗa duk ramukan, ya yanke su daga bidiyon, ya bar maka hanya sumul. Kana biye da shi kana buga abin da ya buga, komai na tafiya, sai ka ji kamar ka iya. Ranar da ka buɗe farin shafi babu mai ja maka gora, sai hannu ya tsaya. Daga yau kar ka buɗe darasi sai aikin da ke hannunka ya cije a wani wuri takamaimai. Ka nemi maganin wurin, ka rufe, ka koma. Kuma ka daina tsoron cewa ana fito da sababbin kayan aiki kana baya. Akwai lokacin da wasanni da bidiyon intanet da yawa a kan wata fasaha mai suna Flash suke, kamfanin Adobe ya rufe babinsa a ƙarshen 2020. SQL kuwa, da aka ƙirƙira a IBM tun shekarun 1970, har gobe da shi bankuna ke aiki. Cikin harsunan rubuta manhaja, Python tun 1991 take, JavaScript tun 1995. Abin da aka wahalar da ku a kansa a jami'a, yadda ake tsara bayanai, yadda kwamfutoci ke magana da juna, yadda ake warware matsala daki-daki, shi ne ɓangaren da ba ya tsufa. Shekara huɗunka ba su tafi a banza ba.

Ƙirƙirarriyar basira kuma ba zan yaudare ka ba. Tun da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon ma'aikaci ya koyi hannu da su, su ne ta fi saurin yi. Ƙofar shiga ta ƙara ƙunci, wannan gaskiya ne. Amma ka lura da abin da take yi. Abin da aka tambaye ta take rubutawa, kuma da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure, har takan ƙago sunan wani kayan aiki da babu shi a duniya ta miƙo maka ba ko gezau. Sai an sami wanda zai san me ya kamata a tambaya, ya kuma gane in an ba shi amsar da ba daidai ba. Ba ita za ta je ta zauna gefen matar ɗakin karatu ta ga cewa rubutun ya yi ƙanana ba. Yi amfani da ita, ni ma ina yi. Ka sa ta yi maka bayanin saƙon kuskure, ta duba abin da ka rubuta, ta yi maka tambayoyin gwaji. Sharaɗi ɗaya na gindaya maka: kar layi ɗaya ya shiga aikinka wanda ba za ka iya bayaninsa ga ƙanwarka ba. A ganawar ɗaukar aiki za a nuna wani layi a ce me ya sa ka yi haka, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu wuraren nan 80. Ka fara da sanin kasuwar da ka tarar. Manyan kamfanonin fasaha sun ɗebi ma'aikata ba ji ba gani lokacin annobar korona, da kowa ya koma intanet, sannan da kuɗin ruwa ya tashi suka fara zubarwa. A Nuwamba 2022 Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000. A Janairu 2023 Amazon ta ce 18,000, Microsoft 10,000, Google 12,000. Waɗannan ƙwararru ne masu shekaru a aiki, suka dawo layi ɗaya da sababbin kammalawa. Don haka shirun da ka ji ba hukunci ba ne a kan ƙwaƙwalwarka. Sai dai ina zargin takarda ɗaya ka yi ta watsawa ko'ina, kuma mai karanta ta babu abin da zai danna ya gani yana aiki. Goma da ka zauna ka rubuta wa kowanne tasa, da adireshin manhajar da wani ke amfani da ita a layin farko, sun fi tamanin ɗin. Ka kuma faɗaɗa ido. Asibitoci, makarantu, bankuna, kamfanonin sufuri, ƙungiyoyin agaji, duk suna buƙatar mai kula da bayanai da na'urori, kuma layinsu bai kai na kamfanonin da kowa ke hari tsawo ba. Aikin tallafa wa masu amfani da kwamfuta ko gwada manhaja kafin a sake ta ba faɗuwa ba ne, ta nan da yawa suka shiga.

Abokan nan da kake rufe LinkedIn saboda su, ka sake buɗewa. Babu mai tallar wuraren da suka ƙi shi, na ɗayan da ya karɓe shi kawai za ka gani. Kuma su ne hanyarka mafi kusa. A 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta wajen waɗanda sanin shanu ke tsakaninsu, fiye da ta wajen aminansa. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka ji shi ya ji, ɗan ajinku da kuka yi shekara ba ku gaisa ba kuwa yana wata duniyar da kunnenka bai kai ba. Amma kar ka rubuta masa "don Allah in akwai aiki ka tuna da ni". Wannan nauyi ne ka ɗora masa, zai amsa da addu'a ya wuce. Ka ce masa ga abin da ka haɗa, ga wanda ke amfani da shi, ya ba ka minti goma ya duba ya gaya maka inda ka yi shirme. Mutane na son a tambaye su ra'ayi. Ranar da aka ce a wurinsu ana neman mutum, aikinka ne zai faɗo masa a rai. Wanda kake iya zuwa wurinsa kuma ka je, zuwa da kai ya fi saƙo.

Barcinka ba lalaci ba ne, yana da dalili. Agogon da ke jikin ɗan Adam yakan ɗara awa 24 kaɗan, hasken safiya ne ke saita shi kullum. Lakcar ƙarfe takwas ce take yi maka wannan saitin ba ka sani ba. Yanzu babu mai fitar da kai da safe, ga hasken allo a idonka har tsakar dare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci, sai agogon ya yi ta zamewa baya har ya kai ka ƙarfe huɗu. Kar ka fara da ƙoƙarin kwanciya da wuri, juye-juye kawai za ka yi ka ƙare a kan waya. Lokacin tashi za ka kama. Duk bayan kwana biyu ka riƙa tashi rabin awa kafin lokacin da ka saba, kana tashi ka fita waje hasken rana ya same ka, ka taka ƙafa na minti 20 ko 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kofi da lemukan ƙara kuzari su tsaya kafin rana ta yi tsaka, don rabin kafeyin ɗin yana nan cikin jini bayan kamar awa biyar. Waya ta kwana nesa da hannunka. Awa bakwai ne mafi ƙarancin barcin da likitoci ke so ga mai shekarunka. Na san za ka ce dare ya fi shiru, kai ya fi buɗewa. Ni ma na faɗi haka shekaru. Je ka duba abin da ka rubuta ƙarfe uku na dare da idon safiya, sannan mu yi magana.

In da hali, kar ka yi aiki inda kake barci. Ɗakin karatu, wani kusurwa a wurin aikin wani ɗan'uwa, ko teburi a wani ɗakin daban, ko'ina ne dai da za ka yi wanka ka sa kaya ka nufa. Awa huɗu masu kyau a rana sun isa.

Akwai abu ɗaya da ba zan tsallake ba. In ka lura cewa sati biyu ko fiye kusan kullum zuciyarka a cushe take, abubuwan da kake jin daɗinsu da sun fita ranka, cin abinci ya canza, ko kana jin ba ka da amfani, ko tunanin cutar da kanka ya taɓa gilma maka, to wannan ya wuce maganar tsara lokaci. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane, yana da magani. Ka ga likita, ka kuma faɗa wa wani na kusa da kai a ranar, kar ka bari sai gobe.

Tambayar Baba ba gori ba ce, tambaya ce mai kyau, kuma tsoro ne a ƙarƙashinta. Shi abin da yake gani ƙofa ce a rufe da haske ta ƙasanta har asuba. Ba ka taɓa nuna masa komai ba, don babu abin da ya kammalu da za a nuna. Kar ka yi masa lakca kan makomar fasaha. Ka same shi lokacin da yake cikin natsuwa, ka ce, "Baba, wane nake haɗa wa abin da zai sauƙaƙa masa lissafinsa, ranar kaza zan kai, in na gama zan kawo ka gani." Ka ga ka ƙara mai jira na biyu ke nan, kuma wanda ba za ka so ka ji kunyarsa ba. Gyaran wayar 'yan gida ma ka daina jin haushinsa. Wanda ya san inda gwaggonsa ke rikicewa a waya ya san abin da injiniyoyi da yawa ba su sani ba. Lokaci kawai za ka yanka masa, ka ce da yamma ake kawowa, don kar a riƙa katse ka kana tsakiyar aiki. In kuma wani aiki ya samu wanda ba na fanninka ba, koyarwa ko rubuce-rubucen ofis, ka karɓa. Zai tashe ka da safe, ya sa wani abu a aljihunka, ya haɗa ka da mutane masu matsalolin da manhaja ke warwarewa.

Ƙanwarka kuwa kana da abin ce mata fiye da kowa, don kai ka san inda ramin yake. Ta riƙe darussan tushe da kyau, kar labarin Bill Gates da ya bar Harvard a 1975 ko Mark Zuckerberg da ya bar ta a 2004 ya ruɗe ta. Dukansu suna da abin da ya riga ya kama hanya a hannu kafin su fita, kuma waɗanda suka fita suka tashi a tutar babu ba a ba da labarinsu. Ta fara amfani da Git tun aikin aji na gaba. Kowace shekara ta kammala abu ɗaya da wani wanda ba lakcara ba zai yi amfani da shi, kuma ko sau ɗaya ta yi aiki da mutum biyu ko uku, ta ɗanɗani yadda ake haɗa rubutun mutane daban-daban ba a yi faɗa ba. Duk hutun da ta samu ta nemi inda za ta koyi aiki. Ta saba da lakcara ɗaya ko biyu da 'yan gaba da ita, ta riƙe lambobinsu, don bayan kammalawa su ne za su san ta. Ta kuma duba shirin Google Summer of Code, wanda tun 2005 yake haɗa sababbin hannu da masu kula da manhajojin da rubutun da aka haɗa su da shi yake buɗe ga kowa, a yi aiki na wasu makonni ƙarƙashin jagora, a kuma biya mutum. Daga 2022 an buɗe shi har ga waɗanda ba ɗalibai ba, matuƙar sun kai shekara 18 kuma sababbi ne a harkar, don haka kai ma ka leƙa. Sannan ku yi yarjejeniya: duk Asabar da yamma kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ya yi a makon, ko ta waya ne. Ƙanne mata ba sa mantuwa, za ka gani.

Saura laftof. In tana buɗe burauza da wurin rubuta manhaja ba ta suma ba, ba ita ce matsalar ba. Kwamfutar da Torvalds ya fara Linux a kanta megabait 4 ne ƙwaƙwalwarta, wayar da ke aljihunka ta ninka ta sau ɗaruruwa. In nauyi take maka, duba abu biyu kafin ka yi tunanin sabuwa. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta, a canza mata zuwa SSD, faifai mara juyawa da ya fi sauri, za ka ɗauka wata ce daban. In ƙwaƙwalwarta ba ta kai gigabait 8 ba kuma tana da gurbin ƙari, a ƙara. In duk da haka tana jan ƙafa, sa mata Linux mara nauyi. Amma kafin kowa ya kwance mata noti ɗaya, ka kwafe fayilolinka wuri biyu, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet, har da 13 ɗin nan da muka kawar.